Tambaya ga masu gogen Turawa: yaya ake horar da hannu a kan rangajin jaz da sassauta amo?

Ɗan Izga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ga manya da ƙanana, ina da wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni shiga harkar kiɗan jaz za su haska mini hanya. Shekara bakwai na yi a Legas ina koyon bayolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, bisa tsarin kiɗan gargajiyar Turai inda komai a rubuce yake, kuma abin da aka rubuta shi ake bi sau da ƙafa. Bara aiki ya dawo da ni Abuja, na shiga wata 'yar ƙungiya ta mutum huɗu: mai jita, mai babban gogen nan da ake kira bes, mai ganguna, sai ni. Duk yammacin Juma'a muna kiɗa a wani ɗan lambu, kuma yawancin abin da muke yi jaz ne na tsohon yayi.

Matsalar farko ita ce abin nan da masu jaz ke kira suwing, wanda ni a raina rangaji nake ce masa, domin idan ya zauna daidai sai ka ga kafaɗun masu sauraro suna rausayawa ba tare da sun sani ba. A takarda, kowane bugu an raba shi biyu daidai wa daida, amma an ce mini kada in kaɗa shi haka, sai dai in kasa bugun kashi uku, in bai wa sautin farko kashi biyu, na bayansa kashi ɗaya. Na yi hakan har hannuna ya saba, amma abin da ke fitowa ya fi kama da tafiyar doki mai ɗingishi. Mai gangunanmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ja ni gefe wata rana bayan mun tashi ya ce, "Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma jiki ba ya motsawa."

Matsala ta biyu ta fi damuna. Idan na sassauta amo sai in riƙa ja da baya, ɗan rangajin da nake da shi ma ya ɓace; idan kuma na ɗaga amo sai in riƙa gaggawa ina wuce kowa. Makon jiya na ɗauki kiɗanmu a waya, na saurara a mota kan hanyar gida, kuma a daidai wurin da mai bes ke nasa wasan, inda ya kamata in raka shi a hankali daga baya, na ji kaina ina isowa a makare a kusan kowane bugu, har shi kansa ya fara jan ƙafa domin ya jira ni. Awa ɗaya kacal nake da ita kowace safiya kafin in fita aiki. Me ya kamata in sa a cikinta?

Tsohon Makaɗi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Matsalolin nan biyu da ka lissafa a wajena guda ɗaya ce, kuma zan yi ƙoƙarin nuna maka dalili, ko da bayanin zai ɗan yi tsawo.

Batun kashi biyu da kashi ɗaya sanda ce da ake miƙa wa mai koyo domin ya fara tafiya, ba ita ce tafiyar ba. A shekarar 2002 wasu masu bincike biyu a ƙasar Suwidin, Anders Friberg da Andreas Sundström, sun auna faifan manyan makaɗan jaz, suka gano cewa rabon da mai ganguna ke yi a kan farantin ƙarfensa ba a tsaye yake ba. Idan kiɗa yana tafiya a hankali, sautin farko yakan ninka na biyu har sau uku da rabi. Idan kuma kiɗa ya ɗauki gudu sosai, sai su koma kusan daidai wa daida. Sun kuma lura cewa masu jan kari, irin su mai saksofon ko mai fiyano, rabonsu bai kai na mai ganguna tsanani ba, kuma sukan ɗan makara a kan bugu amma su haɗu da shi daidai a bayan bugu. Wannan na ƙarshe shi nake so ka riƙe: wurin haɗuwar makaɗan jaz shi ne bayan bugu, wato ɗan gajeren sautin nan da kai kake wucewa da sauri kamar ba shi da amfani.

Harshenmu ya ba mu misalin da ya fi kowane lissafi. Ka faɗi sunan Garba sau huɗu a jere. Gaɓar farko mai nauyi ce kuma a sama take, ta biyu gajeriya ce tana faɗowa ƙasa, sannan kowace kalma tana rufe kanta kafin ta gaba ta fara. Haka kake kaɗawa yanzu, kuma shi ne ɗingishin da kake ji. Yanzu ka faɗi sunan Kano sau huɗu. Gaɓar farko gajeriya ce amma ita ce a sama, kuma tana zubawa cikin doguwar da ke biye da ita. Ka tafa hannu a kan "no", ka bar "Ka" ta riga tafin isowa. Tsawon gaɓoɓin bai canza ba, doguwa da gajeriya ne ke bin juna kamar dā, amma nauyin ya koma kan gajeriyar, kuma maganar ta daina tsayawa, tana tura kanta gaba. Rangajin jaz ya fi kusa da Kano a kan Garba.

A kan izga ga yadda ake mayar da wannan aiki. Ka ɗauki sikelin G, wato jerin sautukan da ke hawa ɗaya bayan ɗaya daga sautin G, ka ja sautin farko shi kaɗai, daga nan sai ka riƙa haɗa sauti bibbiyu a ja ɗaya, amma haɗin ya fara daga bayan bugu ya ƙare a kan bugu. Ma'ana, izgarka tana juyawa ne a kan "Ka", ba a kan "no" ba. Da yake juyawar izga ita kanta tana ba da ɗan cizo, za ka ji nauyin ya sauka inda ake so ba tare da ka danna ba. Ka tsaya tsakanin tsakiyar izga da ƙarshenta, kada abin da kake amfani da shi ya wuce taƙi ɗaya, kuma ka kashe rawar yatsan hannun hagu gaba ɗaya har sai ka kai dogon sauti a ƙarshen jimla. Na san wannan zai yi maka wuya, domin mu da muka taso a kan kiɗan Turai an koya mana cewa sautin da ba ya rawa matacce ne, amma a jaz rawar yatsa a kan kowane sauti tana lulluɓe bakin sautin, kuma a bakin sauti ne lokaci yake zaune.

Sai kuma haɗiye sauti, wanda a nan ne ƙarfin amo da rangaji suka zama abu ɗaya. A cikin jimla mai sauti takwas, gwanin jaz ba ya bai wa kowanne haƙƙi ɗaya: biyu ko uku sukan fito sarari, wasu su tsaya tsaka-tsaki, ɗaya ko biyu kuma a haɗiye su har ka ji motsinsu kawai ba ka ji muryarsu ba. Yawanci sautin da ya faɗo ƙasa tsakanin maɗaukaka biyu shi ake haɗiyewa. Ka ɗauke nauyin manuniyarka daga kan izga a daidai wannan sautin, amma hannu ya ci gaba da tafiyarsa. Mu a makaranta mun san ƙarfi da taushi a matsayin abin da ke ɗaukar layi guda ko shafi guda. A jaz yana faruwa a cikin bugu guda.

Ka nemi faifan mai bayolin Stuff Smith, wanda ya yi suna a gidan rawa na Onyx da ke New York a 1936, ka ji yadda yake cizon tsirkiya da gajeren ja kamar mai busa kakaki. Sannan ka saurari Stéphane Grappelli, shi ma mai bayolin, wanda amonsa sumul yake kamar siliki. Sun yi hannun riga a wajen amo, amma dukansu biyu suna sa mutum kaɗa ƙafa, kuma wannan ya ishe ka shaida cewa sirrin ba a kaushin sauti ko laushinsa yake ba. Gargaɗi ɗaya kawai: haɗin izgar da na koya maka motsa jiki ne, kada ka mayar da shi doka. Wanda ya bi shi a kowace jimla daga farko har ƙarshe ya sauya wani ɗingishi ne da wani.

Mai Bes ya amsa:

Baba ya gama magana a kan rangaji, ni kuma zan taɓa batun ja da baya, domin mu masu bes mu ne muke ɗaukar nauyinsa idan ya faru, kuma na ji tausayin abokin aikin nan naka da ya riƙa jiranka.

Ɗan'uwa, dalilin da ya sa kake makara idan ka sassauta ba a kunnenka yake ba, a hannunka yake. Yawancin masu izga idan suna son taushi sai su rage gudun hannu kuma su shiga sautin a ɗarare, kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. Tsirkiya kuwa tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta kama rawa, saboda haka hannunka ya fara a kan lokaci amma sautin ya fito bayan lokaci ya wuce. Maganin shi ne ka raba bakin sauti da jikinsa. Bakin ya kasance da cizonsa kullum, ɗan tsunkuli da manuniya kafin izga ta motsa, ko da amon da zai biyo baya raɗa ce. Taushin kuma ka samo shi ta hanyar matsar da izga nesa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa, zuwa wajen allon yatsu, da rage tsawon ja, da ɗan karkatar da izgar domin gashin da ke taɓa tsirkiya ya ragu. Gaggawar da kake yi idan ka ɗaga amo ita ma daga nan take: kafaɗa ta ɗaure, ja ya yi tsawo, sai ka ji kamar lokaci zai ƙure maka, ka yanke dogon sautin kafin ya cika.

Ga abin da nake yi kowace rana, kuma minti 20 ya ishe shi. Ka sa na'urar ƙidayar bugu ta wayarka a kan 60, wato ƙara 60 a minti ɗaya, amma ka ɗauki kowace ƙara tata a matsayin bugu na biyu da na huɗu, inda mai ganguna ke taka farantansa biyu da ƙafa. Kiɗan kenan yana tafiya a kan bugu 120 a minti ɗaya, kuma bugu na ɗaya da na uku kai ne za ka samar da su daga cikinka. Kwanakin farko kunnenka zai riƙa juya abin, ya mayar da ƙarar ta zama bugu na ɗaya. Idan haka ta faru ka tsaya, ka ƙirga da baki, ka sake shiga. Bayan ya zauna, sai ka ɗauki buluz, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka, mai zango 12, kowane zango bugu huɗu, ka yi zagaye biyar ba tare da tsayawa ba: na farko da raɗa, na biyu da muryar hira, na uku da iyakar ƙarfinka, na huɗu ka faɗo kai tsaye zuwa raɗa, na biyar kuma ka riƙa sauyawa bayan kowane zango biyu. Ka ɗauka a waya, kuma idan za ka saurara kada ka ɓata lokaci a kan komai sai mahaɗar zagaye na uku da na huɗu. A nan ne kowa yake zamewa. Ni na yi wata biyu kafin in iya faɗowa daga ƙarfi zuwa raɗa ba tare da na'urar ta tsere mini ba.

Idan kana son jin inda wannan horo yake kai mutum, ka saurari ƙungiyar Count Basie. Makaɗa sama da goma sha biyar sukan sauko har ka ji kamar numfashi kawai suke yi, sannan su fashe da ƙara gaba ɗaya, amma takun bai motsa ko gashi ɗaya ba. A tsakiyarsu akwai mai jita Freddie Green, wanda ya shiga ƙungiyar a 1937 ya zauna kusan shekara 50, har rasuwarsa a 1987. Bugu huɗu yake yi a kowane zango, a kan jitar da ba ta da lantarki, kuma da wuya ka ji ya yi wasan kansa. Sau da yawa ba ka jin sa sosai sai ka kasa kunne, amma duk ƙungiyar a kansa take jingine.

Malama Mai Jita ta amsa:

Ina gaida Baba da Yaya Mai Bes, kuma na ƙaru da bayaninsu ƙwarai. Sai dai ina da ɗan saɓani a kan yawan dogaro da na'ura, kuma ina fatan za a yi mini uzuri. Na'urar tana gaya maka ko ka makara ko ka yi gaggawa, amma ita kanta ba ta rangaji, don haka ba za ta koya maka abin da ba ta da shi ba. Na ga ɗalibai da suka shekara suna horo da ita a kan biyu da huɗu, lokacinsu ya yi kyau kamar agogo, amma kiɗansu har yanzu a sandare yake.

Malam Ɗan Izga, shawarata ita ce rabin awar nan taka ka ajiye bayolin a cikin akwatinsa. Ka zaɓi zango takwas kacal daga wasan wani mai busa, Louis Armstrong ko Lester Young, ka yi ta saurare har ka iya rera shi da baki tare da faifan, da inda ya ja numfashi, da inda ya haɗiye sauti, da inda ya jingina baya. Sai bakinka ya iya sannan ka ɗauki izga, ka nemi jan da zai fitar da abin da bakin ya faɗa, kada kuma ka rubuta shi a takarda tukuna, domin da zarar idonka ya ga rubutu tsohuwar tarbiyyarka za ta dawo. Na ce mai busa ne da gangan, saboda idan ka fara da kwaikwayon mai bayolin za ka ɗauko dabarun yatsunsa kafin ka ɗauko numfashinsa. Yaron da ke bin mai goge ko mai kukuma a garuruwanmu ma ta kunne yake ɗaukar kiɗa shekara da shekaru; kiɗan daban ne, amma hanyar shigarsa jiki ɗaya ce.

Abu na biyu, taushin amo ba aikin mutum ɗaya ba ne. Idan mai ganguna yana dukan farantinsa da sanda kuma jita tana cikin lasifika, raɗar bayolin ba za ta fito ba, dole ka danna, kuma da ka danna hannu ya ɗaure. Ƙungiyar da Grappelli da mai jita Django Reinhardt suka kafa a Paris a 1934 ba ta da ganguna ko ɗaya: bayolin ɗaya, jita uku, bes ɗaya, kuma jitocin rakiya su ne suke riƙe da taku, da gajeren bugu mai ɗan ƙarin nauyi a kan biyu da huɗu. Ka roƙi mai jitarku ku riƙa zama ku biyu sau ɗaya a mako, ba lantarki, gwiwa da gwiwa, ku yi kiɗa da amon da ba zai hana wanda ke ɗaki na gaba barci ba. A ranar Juma'a kuma ka roƙi yayan naka mai ganguna ya ɗauki burushi mai taushin amo maimakon sanda a waƙoƙi biyu ko uku. Mutumin da ya ja ka gefe ya gaya maka gaskiya a asirce ba zai ƙi wannan ba.

Ɗan Izga ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Yaya da Malama. Yau kwana 16 ina bin abin da kuka ce, minti 20 da na'ura, minti 10 a kan haɗin izga, sauran kuma rerawa da baki. Maganar Kano da Garba ita ta fara buɗe mini kai, domin tun a daren da na karanta ta na zauna a bakin gado ina tafawa ina faɗa, kuma a karo na farko na ji gajeren sautin a matsayin mafarin magana maimakon wutsiyarta. Juma'ar da ta wuce, a wurin wasan mai bes, na matsa wajen allon yatsu na riƙe cizon, kuma da na saurari abin da na ɗauka ban ji ya jira ni ba ko sau ɗaya.

Inda na maƙale yanzu shi ne gudu. Muna da waƙa ɗaya da muke yi a kan kusan 220, kuma a nan haɗin izgar yana wargajewa, musamman idan jimla ta tsallaka daga tsirkiyar D zuwa ta A. Ina jin hannuna yana ƙoƙarin yin doguwa da gajeriya amma babu wurin yin su. Shin in nace ne har ya yiwu, ko akwai wata hanya dabam?

Tsohon Makaɗi ya amsa:

Kada ka nace, ɗana, domin abin da hannunka yake gaya maka gaskiya ne. A kan 220 kowane bugu bai kai kashi 3 cikin 10 na sakan ba, kuma binciken nan da na ambata ya nuna cewa daga matsakaicin gudu zuwa sama gajeren sautin yakan tsaya wajen kashi 1 cikin 10 na sakan, dogon ne yake ta raguwa har su kusa yin kai ɗaya. Saboda haka ka bar sautukan su zo kusan daidai, ka bar rangajin ya fito daga nauyi kaɗai: ka ciji sautin da ya fi kowanne hawa sama a cikin jimla da wanda jimlar ta juya a kansa, sauran ka bar su su gudana, uku ko huɗu a ja ɗaya idan ta kama. Wajen tsallaka tsirkiya kuwa, ka ajiye gwiwar hannunka a tsakanin D da A yadda wuyan hannu kaɗai zai riƙa kai izga nan da can, kuma ka rage ja zuwa faɗin yatsu biyu.

Ka koma kan 160 da wannan jimlar guda ɗaya, da raɗa, ka riƙa ƙara 4 a kan na'ura duk lokacin da ka yi ta sau uku a jere ba tare da kafaɗarka ta ɗaga ba. Ranar da kafaɗar ta ɗaga, ka sauko da 8 ka kwana a nan. Idan ka kai 200, ka ɗauko mana abin da ka naɗa mu ji.